Ɗana ba ya barci da wuri, ragwanci ne?

Tambaya: Salamu alaikum Anti. Ɗana shekararsa 17. Sai ƙarfe ɗayan dare yake kwanciya, tashinsa da asuba kuwa sai an yi da gaske. Babansa kullum gori yake masa a gaban ƙannensa, wai rago ne.
Wata uwa daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada a yi saurin yanke masa hukunci. Kowane jiki da agogonsa, har gadonsa ana yi. A shekarun samartaka agogon kan makara, sinadarin melatonin mai kawo barci ba ya zuwa da wuri, sai wajen shekara 20 abin ke fara komawa.

Bincike ya nuna masu sammako sun ɗan fi tsari da cika aiki a kan lokaci, 'yan dare kuma sun fi son gwada sabon abu. Amma alaƙar ba ta da ƙarfin da za a kira yaro rago. Ni dai abin da zan duba, in ya farka yana aikinsa?

Ya riƙa fita hasken rana da safe, ya ajiye waya bayan isha'i, ya bar shayin dare. Lokacin kwanciya a riƙa matso da shi kaɗan-kaɗan. Ki kuma lallashi babansa ya daina gorin nan, yana ƙona ran yaro.