Kumburin wuya: yaushe ne maƙoƙo, yaushe ne ciwon daji?

Saƙonni huɗu na zaɓo a wannan makon, duk a kan kumburin gaban wuya. Uku a kan mata suke, kuma ban yi mamaki ba, domin ciwon dajin tayirod ya fi kama mata kusan ninki uku a kan maza.

Daga Mabera: Likita, shekara shida ke nan ina da maƙoƙo, ba ya yi mini ciwo. Yanzu maƙwabciyata ta ce daji ne. Mi ya kamata in yi?

Hajiya, ki kwantar da hankalinki tukuna. Tayirod wani ɗan nama ne a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, mai kamar malam-buɗe-littafi. Aikinsa fitar da sinadarin da ke daidaita bugun zuciya, zafin jiki da yadda jiki ke ƙona abinci. Idan ya kumbura gaba ɗaya shi ne maƙoƙo, kuma babban sanadinsa tun kaka da kakanni shi ne ƙarancin aidin a abinci. Shi ya sa aka wajabta sa aidin a gishiri a Najeriya tun 1993. Wani lokaci kuma ƙululu ne ke fitowa a cikinsa, ɗaya ko da yawa. A cikin irin waɗannan ƙululu goma, tara ko fiye ba daji ba ne.

Sai dai rashin zafi ba hujja ba ce. Dajin tayirod ma galibi ba ya ciwo. Ni da maƙwabciyarki duka ba mai iya ganewa da ido. Abin da ke rarrabewa gwaji uku ne: gwajin jini na TSH (sinadarin da ke umartar tayirod ya yi aiki), sikanin na wuya, sannan idan sikanin ya nuna abin tuhuma, a sa siririyar allura a zuƙo ɗan abin da ke ciki a duba a madubin likita. Allurar ba ta kai ta ɗibar jini kauri ba, mintoci kaɗan ne ki tashi ki tafi gida. Ki je asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ki ga likitocin tiyata.

Daga Tambuwal: Babana yana da shekara 68. Kumburin wuyansa ya ƙaru cikin wata biyu, muryarsa ta dishe, tuwo ma da ƙyar yake wucewa. An kai shi wurin wanzami an yi mai tsaga.

Ɗan'uwa, wannan saƙon ne ya fi tayar mini da hankali. Kada ku bari makon nan ya fita ba ku kawo Baba asibiti ba. Kusan duk alamomin da muke tsoro ka lissafa su: girma da sauri, dishewar murya da ta ƙi tafiya, wahalar haɗiya, ga shi namiji, ga shekaru. Ku taɓa ku ji ko ƙululun ya yi tauri kamar dutse, ko ba ya motsawa idan ya haɗiyi yawu, ko akwai kaluluwa a gefen wuya. Idan numfashinsa ya fara ƙara, musamman in ya kwanta, wannan na gaggawa ne, ko da tsakar dare.

Dajin tayirod kala huɗu ne manya. Fafilari shi ne ya fi yawa, kusan kashi 80 cikin 100, yana girma a hankali kuma yana jin magani ƙwarai. Folikula ya fi bayyana a inda aidin ya yi ƙaranci, yana iya bin jini ya tafi ƙashi ko huhu. Medulari wani lokaci gado ne, shi ya sa muke tambayar tarihin dangi. Na huɗun, anafilastik, ba shi da yawa, amma dattawa yake kamawa kuma gudu yake yi. Ban ce shi Baba yake da shi ba, domin zubar jini a cikin tsohon maƙoƙo ma kan sa ya kumbura farat ɗaya. Amma ba a jira a gani.

Maganar tsaga kuwa, a daina. Ina girmama wanzamai, kowa da fagensa, amma abin nan yana can ƙarƙashin fata da nama, kusa da manyan jijiyoyin jini. Tsaga ko sakiya ba sa kai gare shi, sai dai su bar miki da tabo da za su wahalar da mai tiyata.

Daga Arkilla: An ce za a cire mini tayirod. Na ji wai murya kan tafi, kuma wai ba zan sake haihuwa ba.

Ƙanwata, na farkon yana da ƙamshin gaskiya, na biyun babu. Jijiyar da ke motsa akwatin murya tana bi ta bayan tayirod, don haka wasu kan fito da dishewa. Yawanci tana warwarewa cikin makonni ko watanni, kaɗan ne take zame musu dindindin. Akwai kuma wasu 'yan ƙwayoyi huɗu manne a bayansa masu kula da kalsiyam. Idan sun girgiza za ki ji leɓe da yatsu suna mutuwa ko suna sandarewa. Ki faɗa nan take, maganin kalsiyam ne.

Haihuwa tana nan in Allah ya so. Abin kiyayewa ɗaya ne: idan bayan tiyata aka ce za a ba ki aidin mai tururin nukiliya don ƙone ragowar, ba a ba mai ciki ko mai shayarwa, kuma za a ce ki jinkirta ɗaukar ciki wata shida zuwa shekara. Ku tattauna wannan da maigida tun kafin ranar.

Daga Illela: An cire wa ɗiyata tayirod bara, ta warke sarai. Har yaushe za ta sha wanga magani? Ga azumi tafe.

Baba, idan duka aka cire, levothyroxine na tsawon rai ne, domin shi ke tsaye a madadin abin da aka fitar. Warkewar da kake gani aikinsa ce. In ta bari, cikin 'yan makonni kasala, jin sanyi, kumburin fuska da taurin ciki za su shigo, TSH ya hau, hawansa kuwa na iya zuga ragowar dajin in akwai.

Ana shan sa da ruwa zalla, ciki wayam. A azumi ta tashi da wuri ta sha rabin awa zuwa awa ɗaya kafin sahur, ko kuma lokacin kwanciya idan an yi awa uku da cin abinci. Kada ta haɗa shi da fura da nono ko shayi. Maganin ƙarin jini da na kalsiyam a ba su tazarar awa huɗu. Idan ta samu ciki kada ta dakata, ta zo da wuri a auna jini, don sau da yawa ƙara mata za a yi.