Fayil ɗaya, hanya biyu: amsoshin tambayoyin mahaya babur kan taswira da na'ura

Tambayoyin wannan makon na masu doguwar tafiya a babur ne, kan na'urar nuna hanya ta GPS da taswirar waya. Na gajarta wasiƙun, na kuma cire sunaye kamar yadda aka saba.

Assalamu alaikum. Mu shida ne muke shirin hawa Mambila da babura bayan damina. Jagoranmu ya tsara hanya daga Jalingo zuwa Gembu a kwamfuta, ya turo mana fayil ɗin GPX ta WhatsApp. Nawa ya bi ta Bali da Serti kamar yadda aka tsara, na wani abokinmu kuma ya yanke ta wata hanyar daji, ko nisan bai zo ɗaya ba. Fayil ɗin ne ya lalace, ko na'urar ɗayanmu ce jabu? Daga wani mai karatu a Yola.

Wa alaikumus salam, Malam. Fayil ɗinku lafiyarsa ƙalau, na'urar abokinka ma ba jabu ba ce. Abin da jagoranku ya turo muku ba hanyar ce gaba ɗaya ba, wasu 'yan ɗigo-ɗigo ne kawai a kan taswira, kowace na'ura kuma ita take haɗa tsakaninsu da nata lissafin.

GPX tsohon tsari ne, wani kamfanin Amurka mai suna TopoGrafix ya fito da shi a 2002, kuma samfurin da kusan kowa ke amfani da shi yau, wato 1.1, tun 2004 yake. Rubutu ne zalla. In ka buɗe shi a kwamfuta za ka ga layukan lambobi. Abu uku yake iya ɗauka: wurare ɗaiɗai da aka sa wa suna, irin su gidan mai ko masauki, tsararriyar hanya, wadda za ka ga an rubuta Route a kanta, da kuma sawu, wanda ake rubuta wa Track. Rikicinku ya taso ne daga bambancin biyun nan na ƙarshe.

Tsararriyar hanya kamar ka ce wa direban haya ne, "Ka bi da ni ta Garba Chede, ta Bali, ta Serti." Garuruwan ka faɗa masa, amma abin da ke tsakaninsu shi zai zaɓa. To na'urar ma haka take: tana duba taswirar da ke cikinta, ta duba abin da aka saita mata, sannan ta zana. Idan taka tana kan mafi sauri, ta abokinka kuma tana kan mafi kusa, kun rabu ke nan tun kafin ku tada babur. Haka in ɗaya an hana ta bin burji, ɗaya kuma an sake mata. Wani lokaci ma saitin ɗaya ne, taswirar ce ta bambanta: wannan ta bana, waccan ta shekara biyar baya. Sawu kuwa ɗaruruwa ko dubban ɗigo ne a jere, kusa da kusa, ba ruwansa da lissafi. Duk na'urar da ta buɗe shi layi ɗaya za ta nuna, ko da taswirarta ba ta san akwai hanya a wurin ba. Aibinsa shi ne a na'urori da dama ba ya magana, ba zai ce maka ka yi dama ko hagu ba, kai ne za ka riƙa kallon layin.

Don haka ka ce wa jagoranku ya fitar da duka biyun, ya turo. Kowa ya ɗora sawun a allonsa da launi mai haske, ya kunna tsararriyar hanyar a kansa. Duk inda layukan biyu suka rabu, sawun za a bi. Sannan ku zauna daren tafiya, kowa ya faɗi kilomitan da na'urarsa ta nuna. Bambancin kilomita ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Na goma sha biyar kuwa, akwai wanda za a nema gobe.

Shi kuma jagoran ya ƙara ɗigo. Amma akwai yadda ake sa su. Kada a ɗora ɗigo a tsakiyar gari, don na'ura za ta kai ku har cikin kasuwa ta fito da ku. A sa shi 'yan mitoci bayan mararraba, a kan hanyar da ake so a bi, yadda na'urar ba ta da zaɓi sai ta shiga. A kan tagwayen hanya irin ta Kano zuwa Zariya kuma a ƙara girman taswirar sosai a tabbatar ɗigon yana hannun da za a bi. In ya faɗa ɗaya hannun, za ka ji na'ura ta dage sai ka yi kwana ka koma baya ka taɓo shi. Masu Garmin zumo XT, wato na'urar nuna hanya ta babur, su sani cewa zango 29 kawai take ɗauka a tafiya guda ban da wurin sauka, amma tsakanin kowane zango biyu tana karɓar ɗigon lanƙwasa hanya har 125, waɗanda ba ta kiran sunansu, ba ta kuma matsa maka in ka tsallake su. Zango na wurin shan mai da kwana ne, sauran duk a mai da su ɗigon lanƙwasa.

Abu na ƙarshe, ku shiga saiti ku kashe sake lissafin da take yi da kanta, ko ku mai da shi sai ta tambaya. Da yawa a nan suke asarar hanyar da aka ɓata dare ana tsarawa: mutum ya ratse neman mai faci, na'ura ta sake lissafi, shi ke nan ta zana tata.

Daga Mayo Selbe zuwa saman dutsen, inda kwanonin suke, ba za ku buƙaci allo ba. Hanyar ɗaya ce, ga hazo, ga manyan motoci masu saukowa. Ido a kwalta.

Yayana da ke Jamus zai aiko mini da Garmin zumo ta hannu. Wani kuma ya ce ɓarnar kuɗi ce, wayata ta isa. Ni Boxer nake hawa, tafiyata ba ta wuce Kano, Bauci, Jos, wani lokaci Maraɗi. Me ka gani? Daga Kano.

Ƙanena, in kyauta ce ka karɓa ka yi godiya. In kuɗinka za a cire, dakata.

Na'urar tana da kyau, ba na musu. Zumo XT ta fito a 2020 da allo mai inci 5.5 a kan kusan dala 500, XT2 ta biyo ta a 2023 da inci 6. Ruwan sama ba ya shigarta, ana ganin allonta da tsakar rana, tana jin yatsa ko da safar hannu, kuma daga batirin babur take shan wuta. Sai dai wadda aka saya a Jamus taswirar Turai ce a cikinta. Ka kunna ta a Ƙofar Nasarawa, za ta san inda kake sarai, amma allon kusan fili zai nuna maka, da 'yan manyan hanyoyi jefi-jefi. Dole ka nemo mata taswirar nan: ko ka saya, ko ka sauke ta kyauta daga masu juya taswirar OpenStreetMap, wadda 'yan sa-kai ke zanawa a intanet, zuwa tsarin Garmin, ka sa a katin ajiya. Ana yi, ba wuya can ba, amma sai da kwamfuta da ɗan haƙuri. Akwai taswirar Tracks4Africa da matafiyan nahiyar nan ke yabo, sai dai ƙarfinta ya fi a kudanci da gabashin Afirka. Ko na'urar wani kamfanin, irin su TomTom Rider, aka ce za a kawo maka, tambayar farko ita ce dai wannan: wace taswira ce a ciki?

To in ƙarshenta taswirar OpenStreetMap za ka hau, ita ce fa a cikin manhajojin OsmAnd da Organic Maps, waɗanda za ka sauke a waya yau ɗin nan. Dukansu suna buɗe GPX, suna kuma aiki ba data, matuƙar ka sauke taswirar tun kana gida. Mutane da yawa ba su san wannan ba: waya ba ta buƙatar sabis kafin ta san inda take. Saƙon tauraron ɗan Adam take saurare, in ta kama huɗu ta gama lissafi. Data taswira kawai take jawowa.

Abin da nake ba masu irin tafiyarka shawara shi ne waya ta biyu. Tsohuwar Android mai sauƙin kuɗi, ko layi babu, ka ɗaure ta a kan babur, babbar wayarka kuma tana aljihu. Dalilai uku ne. Girgizar inji tana kashe kyamarar manyan wayoyi. Kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi kan haka a 2021. Zafin Maris da Afrilu yana sa waya ta rage haske ko ta ɗauke gaba ɗaya, musamman in tana caji a cikin jakar leda mai rufi, don haka ka nemi mariƙi buɗaɗɗe wanda iska ke ratsawa. Na uku ba sai na faɗa wa mutumin Kano ba: waya mai tsada a kan babur a cikin cunkoso gayyata ce.

Ragowar kuɗin ka sa a hular kwano ta kirki da tayoyi. Cajar kuma ka sa bakanike ya haɗa ta bayan makulli, da fis, don kada ta shanye maka batiri cikin dare.

Me ya sa ba za mu tura wa juna hanya ta Google Maps kawai mu huta ba? Daga Zariya.

Za ku iya, in tafiyar gajeriya ce a kan babbar hanya. Amma wuri goma kawai take karɓa har da mafari, kuma abin da ka tura za ta sake lissafa shi a wayar wanda ya buɗe, gwargwadon cunkoson lokacin. Ba ta kuma jan mutum a kan fayil ɗin GPX kai tsaye. Wajen neman gidan mai ko otal a cikin gari ta fi sauran, wannan kam a bar mata.

Maigidana yana sa hanyoyin tafiyarsu a Facebook da wani dandali wai shi Wikiloc, har da ranar da za su tashi. Hankalina bai kwanta ba, shi kuma ya ce tsoro ne irin na mata. Don Allah ka yi masa magana. Daga wata baiwar Allah a Kaduna.

Hajiya, gaskiyarki ce, kuma ki nuna masa wannan.

Alhaji, sawun da waya ta naɗa ba layi kaɗai ba ne. Kowane ɗigo yana ɗauke da ranarsa da lokacinsa har daƙiƙa. In ka kunna naɗin tun daga ƙofar gida, duk wanda ya sauke fayil ɗin ya san gidanka, ya san ƙarfe nawa kake fita, ya san inda kuke tsayawa salla da tsawon zaman da kuke yi. A farkon 2018 taswirar da manhajar Strava ta wallafa ta sawun masu motsa jiki ta tona wuraren sansanonin soja a ƙasashe irin su Afganistan da Siriya, don kawai sojoji suna gudu da agogo a hannu. Waɗanda aikinsu ɓoye sirri ne ke nan.

Ba cewa nake a daina rabawa ba. Da rabawar ne kowa ke samun hanya. Amma a raba bayan an dawo, ba kafin a tafi ba. A fara naɗi daga gidan mai ko shataletale, a kashe kafin a shigo unguwa. Wanda aka riga aka naɗa, shafin gpx.studio yana yanke kai da gindinsa kyauta. Hanyar gobe kuwa ta tsaya tsakanin masu tafiyar da mutum ɗaya a gida, kuma Hajiya ce ta fi cancanta ta riƙe ta, tare da lambar jagora da sunan garin da za a kwana.

Tunda maganar fayil ɗin intanet ta taso, bari in ƙara wa masu saukewa. Sawu yana gaya maka cewa wani ya taɓa bi, ba ya ce maka yau ana bi. Ko a Turai, masu Trans Euro Trail, wato doguwar hanyar burji ta mahaya babur da ta ratsa ƙasashen can, suna da ɗan sa-kai a kowace ƙasa mai sabunta sawun, suna kuma jan kunnen mutane su sauke na baya-bayan nan kafin su tashi. Balle nan, inda damina ɗaya ke cinye kwalbati, inda hanyar da aka bi lafiya bara ta zama wadda direbobi ke gudu bana, inda kuma wasu yankuna a Najeriya da Nijar suka sha hana zirga-zirgar babura saboda tsaro. Ku sa wata da shekara a sunan kowane fayil. Kuma a kowane babban gari ku ratsa tasha ku tambayi direbobin layin. Matambayi ba ya ɓata, su ne suka bi ta da asuba.

An turo mini lambobin da ke nuna matsayin wani wuri a taswira, na shigar, na'ura ta kai ni wani ƙauye daban. Daga Damagaram.

Tsarin rubutun ne ya saɓa, Malam. Akwai mai rubuta digiri da ɗigo, akwai mai rubuta digiri da minti, kuma minti 60 ne a digiri guda, ba 100 ba. Digiri 8 da minti 30 shi ne 8.5, wanda ya shigar da shi a matsayin 8.30 ya kauce da fiye da kilomita 20. Ka tambayi wanda ya turo wane tsari wayarsa take kai, ka saita taka daidai da tasa. Mafi sauƙi ma, ya sa wurin a fayil ɗin GPX ya turo maka a matsayin takarda ta WhatsApp, ka buɗe da manhajar taswirarka ba tare da ka buga lamba ko ɗaya ba.