Kujerar Inna da kike son wankewa

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Na yi dariya da na karanta, daga baya kuma hankalina ya tashi. Wai ki wanke kujerar Inna da omo, a goge ta da samfefa, a yi mata farin fenti don ta dace da kayan ɗakinki, kuma kina tambaya me ya sa a gidanmu ba a taɓa zuba mata ruwa. Tukuna, kada ki taɓa ta.

Kujerar nan maɗaci ce, gungume guda aka sassaƙa da gizago, babu ƙusa ko ɗaya a jikinta lokacin da ta zo. Da ita aka kawo Inna gidan Malam, a kanta ta yi tuƙin tuwonmu har muka girma. Baƙin da kike gani kamar datti, hayaƙin murhu ne da man kaɗe da tafin hannun mata.

A hunturun 1973, watan da aka daina fam da sule aka koma naira, Inna ta tafi barkar suna can cikin birni. Ni kuwa ina 'yar shekara goma sha uku, ina son ta dawo ta yaba mini. Na ɗauki kujerar na kai bakin rijiya, na dirje ta da soso da sabulun salo, na kwara mata guga uku, na kife ta a rana. Ta yi fes, jan itacen ya fito, ina ta murna. Da dare muna kwance iska na kaɗawa sai muka ji ƙas! Gari na wayewa na tarar ta tsage daga baki har kusan ƙafa, yatsana na shiga. Inna ba ta dake ni ba, ko faɗa ba ta yi ba. Ta zauna a ƙasa ta ɗora ta a cinya tana shafa tsagar, har yau da na rufe ido ina ganinta. Sai da ta jima ta ce, "Itace ko an sare shi bai daina shan ruwa ba. Kin shayar da shi ya kumbura, hunturu ya busar da bayansa cikinsa na jiƙe, ina zai sa kansa?" Maƙeri ne ya ɗaure ta da ƙarfe guda biyu.

Daga ranar ta koya mini. Busasshen tsumma kawai, a share ƙura. Idan iska ta fara juyawa a ƙarshen kaka, a lakuto man kaɗe kaɗan, a murza a tafin hannu ya narke, a shafa ana bin yadda jijiyar itacen ta kwanta, a bar ta a inuwa ta kwana, da safe a goge ragowar don kada ƙura ta manne. Man gyaɗa ta hana, ta ce yana daɗewa sai wari. Da damina kuma ba ta kwana a kan dandariyar ƙasa saboda gara, ko da yake kakarmu takan ce gara ba ta son ɗacin maɗaci. In kin ga ƙananan huji da gari a ƙarƙashi kamar na tuwo, ƙwaro ya shiga, ki gaya mini da wuri.

Ku yanzu kun saba da kayan da aka matse da garin katako, ruwa na taɓa su su kumbura, shekara biyar a kira kafinta ko a zubar. Shi ya sa komai kuka gani ya tsufa sai ku ce a rufe shi da fenti. Kun manta da tsohuwar zuma ake magani.

Maganar fentin, bari sai kin zo da sallah mu zauna. Kafin nan ki kifa ta ki duba min ƙarafan nan biyu, ko sun yi tsatsa. Ki gaishe da maigidan naki da yara.