Kafin ka sayi kan inji na uku

Wani mai shagon buga bandarol da sitika a Garwa ta ƙasar Kamaru ya aiko da wannan tambaya game da kan injinsa, wato ɓangaren da ke fesa tawada: "Assalamu alaikum. Ina da injin bugu mai faɗin mita 1.8 da kai samfurin XP600. A shekara biyu na sauya kan sau biyu, kowanne ya ci mini sefa 200,000. Tun shigowar hunturu aiki na fita da fararen layuka, ja yana dusashewa a tsakiyar bugu, ga ɗigo-ɗigo a gefen rubutu. Wani ya dawo mini da bandarol ɗin biki. Mai gyara ya ce kan ya mutu. In ɗauki kuɗin adashena in sayi sabo, ko in sayar da injin in ciwo bashi in sayi mai kan i3200?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a nema. Ka bar kuɗin adashen nan inda yake tukuna. Alamu uku ka lissafa, kuma babu ɗaya a cikinsu da ta isa hujjar cewa kan ya mutu. Abin da ya fi damuna shi ne kai biyu da suka riga suka tafi, domin idan ba a gano abin da ya cinye su ba, na ukun ma hanyarsu zai bi.

Fara da gwajin da ba ya cin ko sisi. A manhajar injin akwai gwajin ramukan da kan ke fesa tawada ta cikinsu, wanda ke buga ƴan siraran layuka na kowane launi. Buga shi, ka sa injin ya wanke kai sau ɗaya, ka sake bugawa, sannan ka jera takardun biyu. Idan giɓin da ke cikin layukan ya sauya wuri, yau nan gobe can, ramukan lafiyarsu ƙalau, tawada ce ba ta isowa yadda ya kamata. Ko iska ta shiga bututu, ko dampa ta gaji, wato ƴar jakar nan da ke zaune a saman kai tana tace tawada, ko kuma robar hular da kan ke kwana a kanta ta bushe ta daina kamawa, famfo yana zuƙar iska maimakon tawada. Jan da ke farawa da kyau ya dusashe bayan mita ɗaya ko biyu, kusan kullum labarin dampa ne, kuma kuɗinta bai kai ko kusa da na kai ba. Idan giɓin ya tsaya wuri guda, tawada ce ta daskare a ramin. Zuba ruwan wankin da ya dace da tawadarka a cikin hular, ka ajiye kan a kai na ƴan sa'o'i. Kada ka yi ta danna wanki sau goma a jere, ɓarnar tawada ce kawai. Idan kuwa gwajin ya fito cif amma aiki na da layuka, to kan ba shi da laifi ko kaɗan: a daidaita yadda injin ke jan leda, a kuma goge siririn fim ɗin nan mai ma'auni da ke bayan keken da ke ɗauke da kai da tsumma mara gashi.

Ɗigo-ɗigon gefen rubutu kuwa aikin hunturu ne. Ka san lantarkin nan da ke tsinkar mutum idan ya taɓa ƙofar mota a wannan lokaci? Shi ne ke taruwa a jikin leda idan ana warware ta cikin busasshiyar iska, ya janye ɗigon tawada daga inda aka aika shi. Masu ƙera irin waɗannan injuna galibi suna son danshin ɗaki tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, zafi kuma tsakanin digiri 20 zuwa 30. Mu kuwa a nan Arewa danshi yakan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana a ƙarshen rani, Maris da Afrilu kuma zafin Garwa ya haura 40. Ramukan XP600 guda 1,080 ne, kowanne ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Ka yi tunanin irin wannan kai a shagon da ƙofarsa ke buɗe a bakin titi, babura na tayar da ƙura tun safe.

Saboda haka kuɗin farko da zan so ka kashe na ɗakin ne. Keɓe wa injin gefe da katako ko gilashi. A daina share wurin da tsintsiya, a riƙa goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma safe da yamma. Sayi ɗan agogon auna danshi ka rataya, ka ajiye bahon ruwa ko na'urar feshin danshi nesa kaɗan da injin. Idan ka sa kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, ka sani yana ƙara busar da iska. Fanka kada ta kalli kan. A haɗa wa injin wayar ƙasa ta gaskiya, wadda ke sauke lantarkin da ya taru zuwa cikin ƙasa. Ka kuma bar wa warin tawadar hanyar fita, don kai da yaranka ne ke shaƙarsa.

Sai maganar wuta. Idan ta ɗauke ana tsakiyar bugu, kan yakan tsaya a fili ba hula, kuma a irin iskarmu mintoci kaɗan sun isa tawada ta fara kamewa. Ondila, wato na'urar ajiyar wuta, da za ta riƙe injin har kan ya koma mazauninsa, da ragilata mai daidaita ƙarfin wuta, sun fi maka sabon kai amfani. Kuma kada kowa ya zare ko ya cusa wayar kai alhali injin na jone da wuta, kawuna da yawa a nan suke ƙonewa. Na kuma so in tambaye ka: tawada iri ɗaya kake zubawa, ko duk wadda ta fi araha a Duwala ko ta ɓangaren Najeriya? Haɗa tawadar kamfani biyu ba tare da wanke bututu ba yakan sa ta guda. Tsaya kan guda, ka duba ranar lalacewarta kafin ka biya.

Yanzu lissafi. Kai abu ne mai ƙarewa, kamar taya ga ɗan acaɓa, kuma bai kamata sayensa ya zo maka kamar gobara ba. A ce kana buga murabba'in mita 400 a wata, kan kuma ya yi wata goma. Mita 4,000 ke nan, ka raba 200,000 a kai, sefa 50 ce a kowace mita. Sa naka alƙaluman na gaskiya, ka shigar da abin da ya fito cikin farashinka, ka riƙa ware shi kullum a asusu daban. Bandarol ɗin da aka dawo da shi ma ka rubuta shi a littafi, leda da tawada da lokaci, don ka ga nawa rashin minti goma na goge hula da robar share kai kowace safiya ke ci maka.

Batun i3200, kai ne mai sauri, ramukansa 3,200, amma ya fi naka tsada sosai, kuma ƙurar da ta ci XP600 ba za ta ji kunyarsa ba. Ban ga dalilin bashi ba sai idan aiki kake mayarwa don injinka ya kasa. Injin da ba ya samun aiki ma kansa bushewa yake, shi ya sa ko ranar da babu ciniki ya kamata ka buga gwaji.

Mai gyaran naka ba na zarginsa, amma idan shi ne kuma mai sayar da kan, biya shi kuɗin bincike daban, ka tsaya a kansa ya sauya dampa da hula a gabanka. Idan bayan wannan da jiƙawar giɓin na nan a wuri ɗaya, to ka sayi kan. Ranar ɗaura shi a sa masa sababbin dampa da hula da wayoyi gaba ɗaya, ka karɓi tsohon ka ajiye, ka rubuta kwanan watan a jikin injin.