Ya aka yi gidajen sarautar Turai suka zama jinin Jamusawa?

Tambaya: Salam malam. Na ji ana cewa gidan sarautar Ingila asalinsu Jamusawa ne, wai har da na Rasha da Beljiyam. Da gaske ne? In haka ne ya akai?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Da gaske ne, kuma aure ne ya kawo haka.

Ka san Jamus ta da ba ƙasa ɗaya ba ce. Kafin 1806 masarautu ne wajen 300, wasu manya irinsu Bavariya, wasu kuwa gari ɗaya ne da ƙauyukan kewayensa, amma komai ƙanƙantar wuri mai shi sarki ne mai cin gashin kansa. Bayan taron Vienna na 1815 saura 39, kuma gidaje da dama da suka rasa ƙasarsu an bar musu darajarsu ta aure daidai da masu mulki.

To dokar gidajen nan ita ce ɗan sarki ba ya auren kowa sai tsararsa. In ya nace sai wacce take ƙasa da shi, za a ɗaura auren a coci amma hannun hagu zai miƙa mata ba na dama ba, 'ya'yan halal ne ba mai musu, sai dai ba su da gadon sarauta, ko sunan gidan ubansu ba sa ɗauka. Kaga ya sha bamban da namu inda ɗan sa-ɗaka ke iya hawa karagar ubansa. Can ana duba jinin uwa kamar yadda ake duba na uba.

Ga kuma addini. Dokar Ingila ta 1701 ta hana ɗan Katolika sarauta, shi ya sa a 1714 aka ɗauko George ɗan Furotesta daga Hanover ta Jamus. Duk gidan da ke neman gimbiya 'yar Furotesta mai cikakken asali, ina zai nufa in ba Jamus ba? Haka aka kai Sophie ta Anhalt-Zerbst Rasha tana shekara 14, ta canza ɗarika ta koma Catherine, aka aura mata mai jiran gado a 1745, a 1762 ta ture mijin ta riƙe ƙasar shekara 34.

Amma gidan Coburg na Jamus su ne gwanaye. Leopold ya zama sarkin Beljiyam a 1831, ɗan wansa Albert ya auri Sarauniya Victoria ta Ingila a 1840, auren zumunci ne don uwar Victoria da uban Albert ciki ɗaya suka fito, sannan jininsu ya shiga Fotugal da Bulgeriya.

Ni labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Alexander, yariman Hesse ta Jamus. Ya kamu da son Julia Hauke, wacce ke hidimar ƙanwarsa a fadar Rasha, aka ce ba tsararsa ba ce, ya ƙi ji, suka bar Petersburg suka yi aure a 1851, ya rasa muƙaminsa na soja a kan haka, 'ya'yansu kuma aka cire su daga layin gado aka laƙaba musu Battenberg. A ganina zalunci ne a hukunta yaro kan asalin uwarsa. To jikarsu Alice ita ta haifi Yarima Philip mijin Sarauniya Elizabeth, kenan Sarki Charles na yau ta tsatson Julia ya fito.

Abin da ya sa sunan bai nuna ba, yaƙin duniya na ɗaya ne. A 1917 ana tsaka da faɗa da Jamus, Sarkin Ingila George na biyar ya ajiye sunan Saxe-Coburg da Gotha ya ɗauki Windsor, 'yan Battenberg na Ingila suka koma Mountbatten. A can Jamus kuwa sarauta ta faɗi a 1918, tsarin mulkin 1919 ya soke gatansu, laƙabin ya zama ɓangaren suna kawai, shi ya sa har yau za ka ga likita ko lauya da "von" ko "Graf" a katin shaidarsa.