Tambaya da Amsa: Ɗigon da Ya Tsaya a Kan Taswira

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani abokin karatuna da ke zaune a Turai ya shiga tseren keke mai suna Transcontinental, ya kuma turo mini taswirar da ake bin sawunsu da ita. Ina kallon ɗigonsa yana tafiya, sai a wani dare ya tsaya wuri guda har awa biyar. Hankalina ya tashi, na so in nema masa masauki ta intanet, amma tun farko ya gargaɗe ni kada in taimaka masa da komai. Wane irin tsere ne wannan da ake hana mutum taimakon abokinsa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka ya faɗa maka gaskiya, kuma da ka kama masa ɗaki a daren nan, da ka jefa shi cikin laifin da zai iya jawo masa hukunci. Wani Baturen Birtaniya mai suna Mike Hall ne ya kafa wannan tsere a shekarar 2013, inda mahaya suka tashi daga Landan suka nufi Istanbul, kuma Kristof Allegaert ɗan Beljiyam ne ya fara isa cikin ƙasa da kwana 8. Hanyar tana sauyawa kowace shekara, nisanta kan kai kilomita 4,000 ko kusa da haka, amma ginshiƙin abin yana nan yadda yake: agogo ba ya tsayawa daga tashi har isa, babu motar da ke bin mahayi da abinci ko taya, ba a yarda ya laɓe a bayan wani don ya kare masa iska ba, kuma babu kyautar kuɗi a ƙarshe. An yarda ya sayi burodi a kanti, ya kwana a otal, ya kai kekensa wurin mai gyara, domin waɗannan ƙofofi a buɗe suke ga kowane ɗan tsere. Abin da aka haramta shi ne taimakon da shi kaɗai zai samu, kamar abokin da ke zaune a Zariya yana duba masa hanya yana nema masa makwanci, alhali na bayansa ba shi da kowa.

Akwai zangon bincike kaɗan a kan hanya, yawanci a kan duwatsu, inda ake buga wa kowa hatimi a katinsa. Tsakanin zango da zango kuwa, kowa shi ke tsara hanyarsa, shi ya sa za ka ga ɗigo biyu sun rabu, ɗaya ya bi gajeriyar hanya mai hawa, ɗaya ya zagaya ta kwari, sai bayan yini guda a san wanda ya yi dabara. A wurina daɗin kallon ke nan. Amma ka lura cewa babu alƙalin da ke tare da mahayi da ƙarfe uku na dare a wani ƙauyen Bosniya. Na'urar da ke ɗaure a kekensa tana aika saƙon inda yake ne kawai, ba ta faɗin wanda ya miƙa masa gorar ruwa. Saboda haka tseren gaba ɗaya a kan amana yake tsaye, kuma mai kallo ma yana da rabonsa na riƙon wannan amana.

Game da tsayawar ɗigon, awa biyar da dare galibi barci ne. Ka faɗaɗa taswirar ka ga inda ya tsaya. Idan gidan mai ne, ko rumfar jiran mota, ko bakin gari, to mai yiwuwa ya shimfiɗa jakar barcinsa a kan siminti, keke jingine a gefensa, takalmi a ƙarƙashin kai. Wani lokaci kuma batirin na'urar ne ya mutu, ko duwatsu suka tare saƙon. Ban raina fargabarka ba, domin mu da muka daɗe muna bin waɗannan ɗigogi mun san ranar da tsayawar ba ta barci ba ce. A ranar 31 ga Maris 2017, mota ta buge Mike Hall kansa a kusa da Kanbera, yana matsayi na biyu a tseren ratsa Ostareliya daga Fremantle zuwa Sidni, ya rasu yana da shekara 35, aka kuma dakatar da tseren. A watan Yulin 2017 kuma, Frank Simons ɗan Holan ya rasu a daren farko na Transcontinental, shi ma mota ce ta buge shi. Idan ɗigo ya daɗe a tsakiyar babban titi da rana tsaka, masu shirya tseren za ka sanar, don suna da mutanen da aikinsu ke nan dare da rana. In ba haka ba, ka aika masa da gaisuwa da addu'a, ka bar masa shawarar hanya da ta makwanci.

Tambaya: Ina hawan keke kullum zuwa wurin aiki, na kan yi kilomita 60 a ranar hutu. Shin mai irin ƙarfina zai iya wannan tsere, ko sai ƙwararru? Kuma mace tana iya shiga? Ƙanwata ce ta ce in tambaya. Daga wani matashi a Maraɗi.

Amsa: Bari in fara da tambayar ƙanwarka. A 2019 Fiona Kolbinger, Bajamushiya mai shekara 24 da ke binciken cutar daji, ta tashi daga Burgas a Bulgeriya ta isa Brest a Faransa cikin kwana 10 da awa 2 da minti 48, ta riga duk mazan da ke cikin tseren, wanda ya zo na biyu ma sai bayan fiye da awa 10 ya iso. Kafin ita, a 2016, Lael Wilcox ta lashe tseren ratsa Amurka mai kusan kilomita 6,800 cikin kwana 18. A daren ƙarshe, Steffen Streich da ke gabanta ya farka daga barci a ruɗe, ya hau keke ya juya baya ba tare da ya sani ba, har suka yi kiciɓis. Ya nemi su ƙarasa tare, ta ƙi, ta taka feda ta wuce. Na kawo wannan ne don ka ga cewa ƙarfin cinya ba shi ke yanke hukunci a nan ba. Rashin barci ya sa gwani ya kasa bambance gabas da yamma, wadda ta riƙe hankalinta kuwa ta ci.

Kilomita 60 mafari ne mai kyau, amma na gaba a tseren suna yin kusan 400 a kowace rana, na tsakiya kuma sai sun yi wajen 250 zuwa 300 kafin su isa cikin wa'adi. Kada ka yi tsalle zuwa can. Ka kai 100, sannan 150, sannan ka gwada abin da ya fi koyarwa, wato kwana biyu a jere tare da kwana a hanya, domin safiya ta biyu ce ke nuna maka gaskiyar jikinka. A nan za ka ji inda sirdi ya goge ka, ka ga yatsunka biyu na ƙarshe sun mutu saboda dannar kan keke har maɓallin riga ya gagare ka, ka kuma ji wuya yana neman kasa ɗaukar kai. Duk waɗannan da gyaran tsayin sirdi da zaman hannu ake maganinsu tun a gida, kuma wanda ya yi biris da su yakan janye a kwana na huɗu ko da ƙafafunsa lafiya lau.

Ka koyi yin faci da hannunka cikin duhu, da haɗa sarƙar da ta tsinke, da sauya robar birki. Ka rage kaya, amma kada ka rage fitila ta gaba da ta baya, da riga mai ƙyalli, da hular kwano, saboda dalilin da na ambata wa mai tambayar farko. Ka saba da ci kafin yunwa da sha kafin ƙishi. Zafin Afrilu a wajenku ba abin gwaji ba ne, ka tashi bayan sallar asuba ka huta da rana, kuma kada ka bi hanyar da ba ka tabbatar da tsaronta ba, balle da dare. Mahaya suna da wata ƙa'ida da nake so ka riƙe: ba a yanke shawarar janyewa da dare, sai an yi barci an ci abinci gari ya waye.

Ba lallai ne ka fara da Turai ba. Tun 2020 ake yin tseren duwatsun Atlas a Maroko, mai fiye da kilomita 1,000, yawancinsa a kan tsakuwa da turbar dutse, sannan akwai na zagaya Ruwanda mai kimanin kilomita 1,000 da ke tashi daga Kigali ya koma can. Na Ruwanda ya fi dacewa da mai farawa ta fuskar nisa, sai dai ƙasar tuddai ce, kai kuma ka saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, don haka ka nemi keke mai giya mai laushi, ka kuma samu tudu ko da guda ɗaya ne ka riƙa hawansa kana maimaitawa kafin ka biya kuɗin rajista.