Injin faskare: na jikin tarakta ko mai injinsa daban?

Tambaya: Malam, ina da gandun turare a gefen gonata a Saminaka, kuma ina da tarakta Massey Ferguson 375. Gidana babba ne, kullum sai an hura murhu uku, ga shi 'yan faskare sun yi wuyar samu. Na ga injin faskare iri biyu, wanda ake rataya wa tarakta da wanda yake zuwa da ƙaramin injinsa. Wanne zan saya?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka a gandun. Idan girkin gida kaɗai ne, mai injinsa daban nake ba ka shawara, ko da yake na san ranka ya fi karkata ga na tarakta saboda arha.

Dukansu aiki ɗaya suke yi. Famfo yana tura man haidurolik cikin silinda, silindar ta danna gungume a kan kaifin ƙarfe har ya tsage. Ƙarfin dannawa daga matsin mai da faɗin silinda yake fitowa. Silinda mai faɗin santimita 10, a irin matsin da taraktoci suka saba bayarwa, tana danna nauyin tan 13 zuwa 14, kuma wannan ya ishi yawancin itacen da muke ƙonawa. Amma sauri wani abu ne daban, ya dogara ga yawan man da famfo yake turowa. Silindar nan, in tsawon tafiyarta santimita 60 ne, tana shan kusan lita 5 kafin ta kai ƙarshe. Famfon da ke ba da lita 20 a minti zai ɗauki daƙiƙa 14, mai lita 40 kuwa daƙiƙa 7. To, na jikin tarakta da famfon taraktar yake aiki, famfon cikin tsofaffin taraktoci kuwa don ɗaga garma aka yi shi, ba ya turo mai da yawa. Za ka tsaya kana kallon ƙarfe yana rarrafe kamar hawainiya, injin mai ƙarfin doki 75 kuma yana ta shan man gas a bayanka.

Nan ne asarar take. Mai zaman kansa da ɗan injin fetur yake aiki, mai ƙarfin doki 5 zuwa 7, irin Honda GX160 da muke ɗora wa famfon ban ruwa a fadama. Lita ɗaya zuwa biyu yake sha a awa, kuma duk bakaniken da ya iya gyaran injin ban ruwa zai iya da shi. Sannan ka tuna, ranar da kake faskare ita ce ranar da kake son tarakta ta ja tirela ta kwaso gumagumai daga gandu. In ka ɗaure ta da injin faskare, wa zai yi dakon?

Na tarakta yana da ranarsa. Idan za ka riƙa sayar da itace ga masu gidan burodi ko masu tuya, nemi wanda yake da famfonsa da tankinsa, wanda ake jonawa da sandar PTO, wato sandar nan da ke juyawa a bayan tarakta, mai juyi 540 a minti. Wannan yana da sauri ƙwarai, kuma ba ya cakuɗa mansa da na tarakta, don ƙurar da ke shiga ta bakin tiyo ita ke kashe famfo a hankali.

Tambaya: Malam, na ga ƙanana masu amfani da lantarki, kuma sun fi sauƙin kuɗi. Ni mace ce, darbejiya nake sassabewa a bayan gida.

Amsa: Hajiya, waɗannan yawanci tan 4 zuwa 7 suke dannawa. Rassan darbejiya masu kaurin cinya ba za su gagare su ba, ba su da hayaƙi, ba su da ƙara sosai. Sai dai suna son wuta mai ƙarfi lokacin tashi, ƙaramin janareta ba ya ɗauka, kuma wuta mai rauni tana ƙona motar injin. In wutar unguwarku ba ta tsayawa, ki bar shi. Gaskiya ma, murhu ɗaya bai kai a sayi inji ba. Ku haɗa kuɗi gida huɗu ko biyar ku sayi na fetur ɗaya, ko ki ci gaba da ba mai gatari aikinsa, shi ma abincinsa ke nan.

Tambaya: Ɗanye ake faskarawa ko sai ya bushe?

Amsa: Turare dai a faskara shi da ɗanyensa, cikin 'yan kwanaki da sara. In ya bushe yakan murɗe ya yi tauri, har inji ya riƙa nishi a kansa. A yanka gumagumai daidai tsawon murhu, bakin ya zama a miƙe, a faskara, a jera a kan katako ba a ƙasa ba saboda gara, a bar iskar hunturu ta ratsa. Ƙirya da marke kuwa, roƙona shi ne a bar su a tsaye. Turare da darbejiya suna sake tofo bayan sara, ƙiryar daji kuwa sai an yi shekaru masu yawa kafin wata ta maye gurbinta, ga hamada tana matso mu.

Alhaji, na dawo gare ka kan abin da ya fi damuna. Mutum ɗaya ne zai ɗora gungume, shi ne kuma zai ja hannun injin. Sau da yawa in an rasa yatsa, wani ne ya ja alhali hannun ɗan'uwansa yana kan itacen. A riƙe gungume ta gefe, ba ta baki ba. In tiyo yana yoyo kada a laluba da hannu, siririn man nan yana huda fata kamar allura, kuma maganar asibiti ce nan take. A kashe inji, a duba da guntun kwali. In kuma na PTO ka saya, kada ka yarda a cire murfin sandar, kada kowa ya matso da babbar riga ko jelar rawani. Na taɓa ganin sandar nan ta kama hannun rigar wani yaro a wata gona, kafin direba ya kai ga makunni ta tuɓe masa rigar ta karya masa hannu biyu.